Hajiya za ta je zaman jego Amurka: a yanka mata bizines ko a bar ta a ikonomi?

Ɗan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum jama'ar Zazzau. Shawara nake nema wurin waɗanda suka saba ƙetare teku. Ƙanwata ta haihu a Maryland, Hajiyarmu kuma ta samu biza za ta je mata zaman jego. Shekarunta sun haura 70, ga ciwon gwiwa ga hawan jini, kuma in ban da Hajji da Umara ba ta taɓa doguwar tafiya a jirgi ba. Mijin ƙanwar ya ce zai biya ikonomi, in muna son bizines mu 'ya'yanta mu cika. Ejan ya turo farashi, bizines ya ninka ikonomi fiye da sau uku. Me ake saya da wannan kuɗin takamaimai? In lafiyarta ce, ko gona za mu sayar. In kuma abinci ne da faranti mai kyau, gara mu ba ta kuɗin ta riƙe.

Kwangila_001:
Jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, lokacin sauka ɗaya. Na gaba ba ya riga na baya isa. Ku ba Hajiya kuɗinta.

Anti_Baltimore:
Barka da arziki, Allah ya raya. Kwangila, ka taɓa zama awa goma sha biyu gwiwarka na dukan kujerar gabanka? Ni na kawo mahaifiyata ta hanyoyin biyu duka, don haka bari in faɗi abin da na gani. Abin da ake saya kwanciya ce. Kujerar tana miƙewa ta zama gado, a ba ka filo da bargo mai kauri, ka miƙe ƙafa ka juya gefe. Sauran duk kwalliya ce. Da Mama ta zo a ikonomi sai da muka yanka gefen takalminta a mota don ƙafar ta kumbura, ta kwana biyu ba ta iya taka matakala. Da ta zo a bizines, daga filin jirgi ta wuce kicin tana tambayar ina aka ajiye kanwa.

Amma fa ka sani, ba kowane bizines ne bizines ba. Wani jirgin kujeru bibbiyu ne a jere, na jikin taga sai ya tsallake ƙafar maƙwabcinsa kafin ya je banɗaki. Ka nemi wanda kowace kujera take da hanyarta ta fita.

Samaru_Prof:
Kafin a yi maganar kujera a yi maganar hanya, don ita ce za ta wahalar da ita ko ta sauƙaƙa mata. Daga Najeriya kai tsaye zuwa Amurka sai ta Legas: Delta zuwa Atlanta, United zuwa Dulles kusa da Washinton. Tunda Maryland za ta, na United ne ya dace, jirgi ɗaya ba sauyi, tafiyar ba ta wuce awa goma sha ɗaya zuwa sha biyu. Matsalar ita ce kai ta Legas ɗin. Daga Zariya sai an je Kaduna ko Kano ko Abuja, a hau na cikin gida, a sauka, a kwashi kaya, a shiga mota zuwa ɓangaren ƙasa da ƙasa. In na cikin gidan ya yi jinkiri, kuma kun san hali, tikitin daban ne, babu wanda zai tausaya muku.

Ɗaya hanyar ta Abuja: British Airways zuwa Landan, wajen awa shida da 'yan kai, sannan daga Landan zuwa Dulles ko ma Baltimore, wajen awa takwas. Akwai Lufthansa ta Frankfurt da Air France ta Paris. Mai bizar Amurka mai aiki ba ya buƙatar bizar yada zango a waɗannan filayen matuƙar bai fita waje ba.

Bakano_a_PZ:
Zagezagi kenan, ga filin jirgin Malam Aminu Kano a hancinku kuna ta lissafin Legas. Qatar na tashi daga Kano, Ethiopian na tashi, EgyptAir na tashi. Awa biyu daga Kwangila ta Zariya kun isa. Ku dai ba ku son a ce kun bi ta Kano ne.

Samaru_Prof:
Bakano, duba taswira tukuna. Doha gabas take, Amurka yamma. Za ta yi wajen awa bakwai tana nisanta da inda za ta, sannan ta yi wajen awa goma sha huɗu daga Doha zuwa Washinton. Ga saurayi mai neman araha babu laifi. Ga dattijuwa mai ciwon gwiwa, ko a kan gado ne, yini da kwana ne a hanya.

Bakano_a_PZ:
Amma kujerar bizines ta Qatar, Qsuite, ƙofa gare ta, Farfesa. Ta ja ƙofarta ta cire hijabi ta kwanta, ba mai ganinta. Abincinsu duk halal ne, ba sai an yi oda ba. Kuma a Doha ba za ta rasa masallaci da wurin alwala ba. Wannan ma abin dubawa ne ga tsohuwa.

Dakta_Shika:
Bari in sa baki ta fuskar lafiya, amma likitan da ke duba ta shi ne da magana ta ƙarshe. Abin da muke tsoro a doguwar tafiya shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙafa saboda dogon zama. Haɗarin yana ƙaruwa da tsufa, ƙiba, tiyata ta kwanan nan, ko in an taɓa samun irinsa. Kwanciya a miƙe tana rage kumburi da ciwon baya sosai, amma kada a ɗauka bizines rigakafi ne, an sha samun masu shi a can gaba ma. Maganin shi ne motsi: ta riƙa tashi tana ɗan takawa, tana murza idon sawu, ta sha ruwa, ta sa safar nan mai matse ƙwauri in likita ya yarda.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kuma matsinta daidai yake da na kan tsauni mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, ko a gaba kake ko a baya. Tsofaffinmu kuma sukan ƙi shan ruwa don gudun zuwa banɗaki. Nan ne bizines yake da wani amfani da ba a cika faɗa ba: banɗaki kusa, mutane kaɗan, ba layi.

Magungunanta duka a jakar hannu, cikin kwalinsu, da takardar likita. Kada a ba ta maganin barci don tafiyar.

Maman_Ihsan:
Dakta ya gama magana. Ni dai tambayata, ita kaɗai za ta tafi? Tana jin Turanci?

Ɗan_Tudun_Wada:
Ita kaɗai, Maman Ihsan. Turanci kuma sai dai gaisuwa.

Maman_Ihsan:
To ai nan gizo ke saƙar. Kuɗin bizines ɗaya ya isa ikonomi biyu har da canji. Da a ce akwai mai biza a cikinku, wallahi gara ɗanta a gefenta a ikonomi da gado ita kaɗai cikin Turawa. Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa Bayarbiya a bizines, 'ya'yanta sun kashe kuɗi, amma har muka kusa sauka tana zaune ƙiƙam da jakarta a cinya. Maɓallan kujerar sun yi mata yawa, tana tsoron ta taɓa ta ɓata wani abu. An kawo tawul mai zafi ta riƙe shi a hannu har ya huce. Takardar zaɓen abinci ta ninke ta sa a jaka. Sai da na lura na kwantar mata da kujerar, ba a yi minti goma ba ta yi barci. In Hajiya za ta shiga, a nuna mata bidiyon kujerar a waya tun daga gida, a kuma rubuta 'yar takarda da Turanci ta miƙa wa ma'aikaciyar jirgi: a shimfiɗa mata gado bayan abinci, a riƙa kawo mata ruwa, ba ta shan giya.

Kwangila_001:
Kun gani ko? Kuɗin fili a unguwar Graceland ta Zariya, a ƙare da tawul a hannu.

Malam_Ƙofar_Doka:
Maganar giya da Maman Ihsan ta taɓo tana da muhimmanci. A bizines tun kafin a tashi ake zagayawa da tire, kofunan lemo da na giya mai kumfa a jere, wani launinsu kusan ɗaya. A gaya wa Hajiya kada ta ɗauki komai sai ruwa ko abin da ta tabbatar. Wasu kayan zaƙin da miyar nama ma akan sa musu giya. A kamfanonin Turai da Amurka sai an yi odar abincin Musulmi, a ce wa ejan ya sa MOML a tikitin aƙalla kwana biyu kafin tafiya. EgyptAir da Saudia ba sa raba giya sam, kuma dukansu suna zuwa Washinton.

Sallah kuma matafiyiya ce, tana da ƙasaru, tana da haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i. Lokaci kuma na inda jirgin yake ake bi, ba agogon Zariya ba. Mai tafiya yamma da rana zai ga rana ta ƙi faɗuwa, don bin ta yake yi. Ta yi alwala kafin shiga. In ta iya tsayuwa ta fuskanci alƙibla to, in ba hali ta yi a zaune, malamai sun yi saɓani kan ko za ta sake in ta sauka.

Ɗan_Sabon_Gari:
Allah gafarta Malam, to kashe wannan kuɗin a kan kujerar yini ɗaya bai shiga almubazzaranci ba? A unguwarsu ma akwai waɗanda ba su ci na rana ba.

Malam_Ƙofar_Doka:
Wanda ya ci bashi ko ya tauye iyalinsa don a gan shi a gaba, wannan da magana. Wanda yake da hali ya sauƙaƙa wa mahaifiyarsa marar lafiya wahala, ban san malamin da zai kira shi mubazzari ba. Sai dai Ɗan Tudun Wada ya ambaci sayar da gona. Wannan kam ban ba da shawara ba, kuma na tabbata ita ma in ta ji ba za ta yarda ba.

Injiniya_Palladan:
Ina so in gyara wani abu da mutane ba sa lura da shi. Zuwa da dawowa ba ɗaya ba ne. A can sama, wajen ƙafa 30,000 zuwa 40,000, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a arewacin Atlantika. Mai zuwa Amurka daga Turai gaba da gaba yake da ita, mai dawowa tura shi take yi. Shi ya sa Landan zuwa Washinton yake cin wajen awa takwas, dawowa kuma wajen bakwai, wani lokacin ƙasa da haka in hunturu ne. Kullum masu kula da sararin samaniya na Gander a Kanada da na Shanwick a ɓangaren Birtaniya da Ayalan suke tsara layukan da jirage za su bi gwargwadon inda iskar take.

Abin da ya shafe ku: daga Turai zuwa Amurka galibi da rana ake tafiya, dawowa kuma da dare. A dawowar, in ka cire lokacin abincin dare da na karin kumallo, barcin da ya rage bai fi awa huɗu ba. Don haka in ta Turai za ta bi, gadon ba zai ba ta dogon barci ba ko ta ina. A jirgin Legas kai tsaye ne gadon yake biyan kuɗinsa, don dare guda ne cur a sama.

Tsohon_Kongo:
Yaran zamani kun samu duniya. Mu da muka tafi karatu a shekarun 1980, Nigeria Airways ke kwasarmu daga Legas zuwa Niyok a DC-10, na gaba ma kujera ce kawai mai ɗan faɗi, ga hayaƙin taba. Gado a bizines sai a 2000 British Airways ta fara shi. KLM kuwa a Kano muke hawansa zuwa Amsterdam, ba ruwanmu da Legas. Yanzu babu Nigeria Airways tun 2003, Arik ma da ta gwada Niyok daga 2009 ta daina a 2017. Ga makarantar koyon tuƙin jirgi a nan Zariya tun 1964, muna yaye matuƙa, amma ba mu da jirgin ƙasarmu da ke ƙetare Atlantika.

Ɗan_Sabon_Gari:
Baba, shi ya sa suke yanka mana farashin da suka ga dama. Lokacin da kuɗaɗen kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya a 2022 da 2023 ai rufe tikiti masu araha suka yi, har Emirates ta daina zuwa gaba ɗaya, sai Oktoban 2024 ta dawo. Da Air Peace ta fara Landan a Maris 2024 kowa ya ga yadda farashin hanyar ya sauko. Hanyar Amurka ce ba ta samu mai tayar musu da hankali ba.

Injiniya_Palladan:
Gaskiya ne, amma kada a manta naira ma ta faɗi tun da aka sake ta a Yunin 2023. Tikitin da dala ake lissafa shi. Kuma kujerar bizines ɗaya tana cin wurin ikonomi uku ko fiye, ba za ta taɓa yin arha ba ko jirgin na kawunka ne.

Hajiya_Gyallesu:
Kun bar baiwar Allah a filin jirgi kun tafi siyasa. Ni sa'ar mahaifiyar taka ce kusan, kuma na je wa 'yata jego a Houston. Ɗana, abin da ya fi wahalar da ni ba zaman jirgi ba ne, tafiyar ƙasa ce a filin yada zango. Dogon lungu, hawa, sauka, jirgin ƙasa a cikin gini, a sake bincike a ce cire wannan cire wancan. Ka ce a sa mata keken marasa lafiya a tikiti tun daga farko har ƙarshe. Kyauta ne, ko a ikonomi. Mai tura keken shi ya san hanya, shi zai kai ta gaban layin shige da fice, shi zai ɗauko mata kaya. Da farko na ƙi, na ce ni ba gurguwa ba ce. 'Yata ta ce Mama ki hau kawai. Hajiyarku ma za ta ƙi, ku lallashe ta.

Sannan kaya. Bizines akwati biyu ne masu kilo 32, ikonomi biyu masu kilo 23. Mai zuwa jego kuwa kun san kaya: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yajin jego, garin kunu. Amma kilishi da dambun nama kada ta ɗauka, ƙwacewa suke. Duk abin ci da ke jakarta ta ce akwai in an tambaya, ɓoyewar ce ke jawo tara.

Anti_Baltimore:
Hajiya ta faɗi gaskiya kan keken. Sai dai a ba da tazara mai kyau tsakanin jirage biyu, awa uku ko fiye, don wani lokaci sai kowa ya fita a bar masu keke suna jiran mai turawa. A nan bizines yana taimakawa, akwai zauren jira na musamman da kujeru masu laushi, shayi, banɗaki mai tsabta har da wurin wanka.

Samaru_Prof:
Akwai tsaka-tsaki da ba wanda ya ambata: firimiyam ikonomi. Kujera ta fi faɗi, akwai wurin ɗora ƙafa, tana kwantawa baya sosai amma ba ta zama gado. Farashinta yakan tsaya tsakanin biyun, sau da yawa ya fi kusa da ikonomi. Ni ita nake hawa in na cika daga aljihuna, don kuɗin taron da ake ba malamin jami'a lissafin ikonomi ne. Kuma ana iya haɗawa, zuwa a bizines dawowa a firimiyam, ejan ya san yadda ake yi.

Kwangila_001:
Ko ku sayi ikonomi ta sa leshi mai tsada, in ta je kantar filin jirgi ta yi murmushi, sai su ɗaga ta zuwa bizines kyauta. Haka abokina ya ce.

Bazazzagiya_Dulles:
Abokinka ya ba ka labarin zamanin da. Yanzu kwamfuta ke zaɓa, kuma masu katin yawan tafiya take fara ɗauka. Abin da ke yiwuwa shi ne kamfani ya turo tayin ƙarin kuɗi kwanaki kaɗan kafin tafiya ko wurin karɓar katin shiga, wani lokaci da sauƙi sosai. Amma sa'a ce, ba a gina tafiyar tsohuwa a kanta.

Ni gargaɗina biyu. Na ɗaya, a wasu jiragen in kujerar ta zama gado ƙafafunka cikin wani rami suke shiga ƙarƙashin teburin na gabanka, matsattse kamar akurki. Mai ciwon gwiwa da ba ta iya lanƙwasa ƙafa yadda take so za ta sha wuya wurin shiga da fita. Kujerun layin farko sukan fi faɗin wurin ƙafa, a nemi su. Na biyu, kamfani na iya sauya jirgi ranar tafiya. Ya taɓa faruwa da ni, na biya gado na tarar da tsohuwar kujera mai gangara, duk dare ina zamewa ƙasa. Na yi ƙorafi suka ba ni maki a katin yawan tafiya. In kuwa mayar da mutum ikonomi aka yi gaba ɗaya a jirgin da ya tashi daga Turai, dokarsu ta ce a mayar masa da kashi 75 cikin ɗari na kuɗin wannan zangon in doguwar tafiya ce. A ajiye katin shiga, shi ne shaida.

Ɗan_Tudun_Wada:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na tura wa 'yan uwa duk abin da kuka faɗa, gidan ya rabu biyu. Yayanmu ya ce United ta Legas a bizines, shi zai raka ta Legas su kwana ya sa ta a jirgi da hannunsa. Ƙanwata mai jegon ta ce firimiyam ta Abuja, ragowar kuɗin a biya mata inshorar lafiya, don asibiti a can ba wasa ba ne. Keken da abincin Musulmi dai kowa ya yarda. Ita Hajiya ba a gaya mata farashin ba tukuna.

Hajiya_Gyallesu:
Kada ku gaya mata. In ta ji, ko a tsaye ne cewa za ta yi a kai ta.

Dakta_Shika:
Inshorar ba zaɓi ba ce, ko wace kujera aka saya. Kuma a karanta ko ta ƙunshi ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya, da yawa suna cire hawan jini da sukari.

Bakano_a_PZ:
Har yanzu dai ba wanda ya tambayi farashin ta Alƙahira daga Kano. EgyptAir, ba giya, ba Legas, kuma ba ta yi nisan Doha ba.

Samaru_Prof:
Wannan kam ka kawo magana, Bakano. Ɗan Tudun Wada, ka ce ejan ya haɗa da ita, ya rubuto maka awannin jira a Alƙahira zuwa da dawowa, da irin jirgin da ke ɗaukar zangon Washinton, da kuɗin sauya ranar dawowa a kowane tikiti. Mai zuwa jego ba ta cika dawowa ranar da aka rubuta ba.